Amsa ga malamin da ke tambayar Moodle, Classroom ko WhatsApp

Salamu alaikum jama'a. Ƙanena da ya yi tambaya shekaranjiya, wai an ba shi kur na 'yan shekarar farko ta lisansi, amfi, wato babban ɗakin darasi, cike maƙil, yana son ya riƙa sa darasinsa a intanet amma bai san wanne zai kama ba, Moodle ko Google Classroom ko ya tsaya a WhatsApp kamar kowa. Na ga kowa na yabon wanda ya sani, to bari ni ma in sa baki tunda na daɗe ina fama da abin nan a Damagaram. Ka yi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

Malam kafin ka zaɓi komi, ranar da ka shiga aji ka ce duk mai kwamfuta tasa ta kansa ya ɗaga hannu. Za ka ƙirga su ba tare da ka gaji ba. Sauran duka salula ce, ita ma wata allon ya tsage, wata ta cika da hotuna da bidiyon biki ba ta karɓar komi sai an goge wani abu, kuma yawancinsu forfen kwana guda suke saye, in ya ƙare shi ke nan sai Allah ya kawo na gobe. Yaron da ya zo daga Magariya ko Tanut ko Gure yana zaune ɗakin haya da abokansa, kuɗin kabu-kabu ma lissafi yake yi. To duk abin da za ka shirya, da wannan yaron za ka auna, ba da kanka ba da kake zaune ofis da wifi.

Abin da na gano shi ne aiki biyu ne mutane ke cakuɗawa. Akwai wurin ajiya, akwai wurin sanarwa. WhatsApp mai shela ne, ba rumbu ba ne. Yana da kyau ka ce gobe babu kur, ko an ɗage dabuwar, ko ga sabon babi na sa. Amma in ka mai da shi wurin ajiye darasi ka shiga uku, don za ka tura fayil da safe, kafin azahar barka da Juma'a da ta'aziyya da gardamar ƙwallo sun binne shi, wanda ya canza waya ko aka sace masa ya rasa komi, wanda ya yi rajista a makare ya shigo yana "don Allah a sake turo babi na ɗaya", kuma ranar da egizame ta matso duk su taso maka lokaci guda cikin dare. Mun ga haka a 2020 da korona ta sa aka rufe makarantu tun daga watan Maris har zuwa farkon Yuni, kowa ya ruga WhatsApp don shi ne a hannu, ya yi rana ba a musu, amma da aka dawo je ka nemi abin da aka tura ka gani.

Don haka ni dai tsarina mai sauƙi ne. Dosiye guda a Google Drive, ma'ajiyar fayil ta Google a intanet, sunan darasin da shekarar karatu a kansa, a saita shi duk mai linki ya iya buɗewa ya sauke amma ba ya iya gogewa ko gyarawa. Kowane asusun Google yana da giga 15 kyauta, ana raba shi da Gmail da hotunanka, in dai rubutu ne kake sawa za ka yi shekaru ba ka cika shi ba. Linkin nan guda ɗaya sai a liƙa shi a bayanin gurup ɗin WhatsApp, ba ya canzawa har ƙarshen shekara. Gurup ɗin kuma a rufe shi, kai da delege, wato wakilin ɗaliban ajin, kaɗai ke iya rubutu. Yana ɗaukar mutum har 1024, ya ishe ka. Su ɗalibai su buɗe nasu daban su yi ta surutunsu can, delege ya tattaro tambayoyi ya kawo maka. Delegen kirki wallahi ya fi maka kowace manhaja, ka zaɓi wanda wayarsa ke da caji kuma ba ya jin nauyin tashi ya yi magana.

Yanzu maganar fayil ɗin kansa, nan ne malamai da yawa ke cutar yara ba su sani ba. Mutum ya ɗauko tsohon littafinsa na rubutun hannu ya bi shafi shafi da kamarar waya, ga inuwar hannunsa ga tabarma ta fito a gefe, ya turo hotuna tuli kowanne da nauyinsa, yaro ya ƙona forfensa kaf kuma ya kasa karanta layin ƙasa. A'a. Ka buga a Word ka mai da shi PDF, babi guda ba ya kai nauyin hoto ɗaya na waya mai kyau. In dole sai ka ɗauki hoton takarda, cikin manhajar Drive ɗin akwai wurin sikan, yana yanke gefe ya haɗa shafukan su zama fayil guda. Kuma ka ƙara girman rubutun, ka tuna a tafin hannu za a karanta. Suna kuma ka fara da lamba, 01, 02, 03, sannan sunan babin, don su jeru da kansu. Kar ka bar "sabo", "sabo na ƙarshe", "na ƙarshe gyararre", ba wanda zai san wanne ne na gaske.

Wani amfanin da ban yi zato ba, masu fotokofi na bakin jami'a. Da zarar linkin ya kai hannunsu su ke fiddawa su ajiye, yaron da ba shi da waya ya biya ya ɗauki takardarsa kamar da. Wasu kuma mutum ɗaya ya sauke ya raba wa ɗaki guda ta Xender ko bulutut ba mega ko ɗaya. Ka ga ba ka kashe takarda ba, ka dai tabbatar kowa abu iri ɗaya ke hannunsa.

To Google Classroom fa? Yana da kyau, tun 2014 yake, kyauta ne, yana tsara aiki da ranar maido shi. Matsalarsa a nan guda ce kuma babba: sai kowane ɗalibi ya shiga da asusun Gmail nasa. Kusan duk mai Android yana da shi, amma ka tambaye shi lambar sirrin, sai ya ce ai mai shagon da ya saida masa wayar a kasuwar Dole ne ya buɗe masa. Waɗanda suka shigo kuma sai ka ga sunaye irin "Ɗan Gata" da "Sarauniyar Birni", ka rasa wa za ka ba maki. Ga 'yan masta da ba su da yawa, ka zaunar da su awa guda kowa ya gyara sunansa ya rubuta lambar sirrinsa, yana tafiya lafiya lau. Ga amfin shekarar farko ban ba ka shawara ba.

Moodle kuwa shi ne na ainihi, don koyarwa aka ƙera shi, wani ɗan Ostireliya Martin Dougiamas ya fitar da shi a 2002, kyauta ne kuma jami'o'i da yawa a duniya da shi suke aiki. Yana yin jarrabawa ya yi gyara da kansa, yana nuna maka wa ya buɗe darasi wa bai buɗe ba, manhajarsa ta waya ma tana barin ɗalibi ya sauke ya karanta ba rezo. Sai dai ba aikin malami ɗaya ba ne. Yana son sarba, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da shi, da ke kunne dare da rana, da ma'aikacin da zai shigar da sunayen ɗalibai ya kuma farfaɗo da shi in ya faɗi, kai kuma ka san yadda wuta ke yi mana a watan Afrilu da Mayu. In makarantarku na da shi yana aiki, je ka nemi a buɗe maka, ka yi amfani da shi. In babu, kar ka ɗora wa kanka, kuma ko akwai ka ajiye kwafi a Drive.

Bidiyo kai tsaye ka manta da shi sai in dole. Zoom na kyauta yana yanke ku bayan minti 40, awa guda ta bidiyo tana cin ɗaruruwan mega, rabin lokacin kuma a "kuna ji na?" zai tafi. Saƙon murya na minti biyar ya fi shi, ka ɗauki wuri guda mai wuya a babin ka warware shi a hankali kamar kana gaban allo, yaro ya saurara sau nawa ya ga dama yana kwance. Ni nakan yi da Faransanci in ɗan tsoma Hausa inda abin ya cije, amma da lura, don ajinmu ba Hausawa kaɗai ba ne, akwai Barebari da Tubawa da Buzaye da 'yan yamma da Hausarsu ba ta nuna ba, kar gyara ya zama ɓarna.

Google Forms kuma ina son shi don gwajin kai, tambaya goma bayan kowane babi, yana ba su makinsu nan take, kai kuma ka ga tambayar da yawanci suka faɗi ka san inda za ka koma. Amma kar ka sa makin cikin sakamakon shekara, mutum guda zai cika wa ɗakinsu duka. Haka aikin gida na rubutu, tun da ChatGPT ya fito ƙarshen 2022 za ka ga Faransanci sumul daga yaron da ba ya iya haɗa jimla biyu a takardar egizame. Ba na faɗa da su, ina dai kiran mutum ya tsaya ya bayyana min sakin layi ɗaya da bakinsa.

In ka fara duba masu rubuta memuwar, wato kundin binciken kammala karatu, nuna musu Google Scholar da Persée da HAL da OpenEdition, akwai rubuce-rubuce masu yawa kan Nijar a ciki kyauta, da Zotero don jera littattafan da suka duba, da KoboToolbox in za su shiga ƙauyuka tambayoyi, don yana aiki ba rezo sai sun dawo gari ya tura. Ka kuma tambayi ɗakin karatunku ko sun yi rajista da Research4Life, ƙasarmu na cikin waɗanda ake buɗe wa mujallun kimiyya ba biya.

Abu biyu da nake roƙonka. Kar ka taɓa sa takardar maki da sunayen yara a gurup ko a dosiyen da kowa ke buɗewa, kafin magariba ta kai gidan iyayen wani. Kuma ka faɗa musu tun ranar farko lokacin da kake amsa saƙo, musamman ɗalibai mata komi ya bi ta gurup ko ta delege, ka san garinmu da baki. In ka shirya dosiyen naka turo min linkin ta gefe in buɗe shi da tsohuwar wayata, in ya buɗu a kanta to zai buɗu a tasu.