Tambaya da Amsa: Mu Ɗauki Ɗan Jagora Zuwa Kolosiyam na Rum, Ko Mu Shiga da Kanmu?

Tambaya

Assalamu alaikum. Malam, ni da maigidana za mu je Italiya a watan Yuli, in Allah ya kai mu, domin bikin kammala karatun yaron nan namu na fari. Ya ce lallai sai ya kai mu Rum mun ga tsohon dandalin nan na Rumawa, Kolosiyam. Ya nemo wani kamfani da zai ba mu ɗan jagora namu mu kaɗai, ya zagaya da mu a ƙafa na tsawon awa uku, amma kuɗin ya haura euro 300, alhali na ji an ce tikitin shiga bai kai euro 20 ba. Alhaji kuma yana fama da ciwon gwiwa, ga shi ba ya son turereniya. Shin kwalliya za ta biya kuɗin sabulu, ko mu yanki tikiti kawai mu shiga mu kashe ƙwarƙwatar ido mu fito?

Daga wata mai karatu a Kaduna

Amsa

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya albarka a karatun yaro, ya kuma ƙara wa Alhaji lafiya.

Da yaron ne shi kaɗai, ga ƙafa ga waya a hannu, da sai in ce ya riƙe kuɗinsa. Amma ku uku ne, da dattijo mai ciwon gwiwa, a tsakiyar zafin Yuli, don haka shawarata ku ɗauki jagoran. Sai dai kafin a biya ko sisi, ku san cewa a Kolosiyam tikiti ne ke buɗe ƙofa. Jagora komai tsadarsa ba zai kai ku inda tikitinku bai kai ba, kuma a nan ne baƙi da yawa suke yin asara.

Tikitin kala-kala ne. Na gama-gari, wanda kika ji labarinsa, euro 18 yake a 'yan shekarun nan. Da shi za a shiga hawa na ɗaya da na biyu na dandalin, sannan a shiga Forum, wato tsohuwar cibiyar mulki da kasuwancin birnin, da kuma tsaunin Palatino inda fadojin sarakuna suke. Akwai wani na euro 24 wanda ke ƙara wa mutum damar taka tsakiyar fagen da aka yi faɗa a kai, wani nau'insa kuma har da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. Wannan na ƙarshen kaɗan ake fitarwa, kimanin kwana 30 kafin ranar shiga, kuma nan da nan yake ƙarewa. Saboda haka yaron ya sa kamfanin su rubuto masa ɓaro-ɓaro: wane tikiti ne a cikin kuɗin, ƙarfe nawa ne lokacin shiga, kuma mu kaɗai ne ko za a haɗa mu da wasu? Akwai masu kiran rukunin mutum goma sha biyu "na musamman". Ya kuma leƙa shafin hukumar da ke kula da wurin ya ga farashin ranar da idonsa, don ya san nawa ne kuɗin tikiti, nawa ne ladan jagora.

Za kuma ku ga an rubuta cewa ba za ku bi layi ba. Layin sayen tikiti suke nufi, wanda duk mai saye ta intanet ya riga ya tsallake. Layin bincike kuwa, inda ake wucewa ta na'ura a duba jaka, kowa sai ya bi, kuma ba a barin fiye da mutum 3,000 a ciki lokaci guda. Harkar tikitin nan ta taɓa ɓaci ƙwarai, har a 2025 hukumar hana danniyar kasuwanci ta Italiya ta ci tarar wasu kamfanoni kusan euro miliyan 20 saboda wawashe tikiti suna sayarwa da tsada haɗe da yawon jagora. Tun daga ƙarshen 2023 ake buga sunan mai shiga a jikin tikiti, ana kuma duba shi da katin shaida a ƙofa. Ku tabbatar sunan ya zo daidai da yadda yake a fasfo, ku kuma tafi da fasfon. Sunayenmu sukan wahalar da su: wanda fasfonsa ya ce Muhammad kada a rubuta masa Mohammed.

To me kuɗin jagoran ke saya ke nan? Kolosiyam kango ne. Wanda ya shiga ba da sani ba zai ga tulin jan bulo da ramuka, ya ɗauki hoto, cikin rabin awa ya ce a tafi. Jagora nagari tun daga waje zai fara. Zai tsayar da ku ta gefen arewa, inda bangon waje ke nan da tsayinsa na kusan mita 48, ya ce ku ɗaga kai ku dubi saman ƙofofin. Akwai lambobin Rumawa a sassaƙe a dutse, daga XXIII zuwa LIIII, wato 23 zuwa 54. Ƙofofin 80 ne a da, 76 daga ciki masu lamba na jama'a, kowa da ƙofarsa da matakalarsa da layin zamansa, shi ya sa taron da aka ƙiyasta ya kai mutum 50,000 yake shiga ya fita ba tare da an tattake juna ba. Da aka wanke bangon a aikin gyaran shekarun baya, har ɓurɓushin jan fenti aka samu a cikin lambobin, alamar an shafa musu launi ne don a hango su daga nesa.

Daga nan zai sa ku lura da ramukan da suka cika jikin bangon ko'ina. Baƙi da yawa sukan zaci harsashi ne na wani yaƙi. Manyan duwatsun, waɗanda aka jawo daga Tivoli mai nisan kimanin kilomita 30, da maƙalan ƙarfe aka ɗaure su, an ƙiyasta nauyin ƙarfen ya kai tan 300. Da daula ta faɗi ƙarfe ya yi tsada, sai mutane suka riƙa fafe dutsen suna zare shi. Girgizar ƙasa ta 1349 ta zubar da bangon waje na gefen kudu, masu gini kuma suka shafe ɗaruruwan shekaru suna kwasar duwatsun suna gina fadoji da majami'u, kamar dai yadda aka riƙa yasar ƙasar ganuwa a garuruwanmu ana buga tubali. Sai a 1749 Fafaroma Benedict na 14 ya keɓe wurin a matsayin mai alfarma, ɗibar ta tsaya. Idan kun dubi ƙarshen bangon da ya rage za ku ga wani ƙaton tokari na bulo da aka yi a farkon ƙarni na 19 don kada sauran ya biyo.

Tarihin ginin kansa gajere ne a faɗa. Sarki Vespasian ya fara shi wajen shekara ta 72 miladiyya, a kan gurbin wani tafki da Sarki Nero ya haƙa a gidan shaƙatawarsa. Titus, ɗan Vespasian, ya buɗe shi a shekara ta 80 da wasannin kwana 100, Domitian ƙanen Titus kuma ya ƙara ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. Kuɗin aikin daga ganimar yaƙin Ƙudus na shekara ta 70 ya fito. In kun isa Forum ku ce a nuna muku ƙofar tunawa da Titus, inda aka sassaƙa sojoji ɗauke da kayan da suka kwaso daga can. Na san Alhaji zai tambaya ko su ne Rumawan da Alƙur'ani ya ambata. Daula ɗaya ce asali, amma waɗancan na gabas ne, masu hedikwata a Kustantiniyya zamanin Hiraƙlu, fiye da shekara 500 bayan gina wannan wuri. Kafin lokacin wasanni sun mutu a nan, don farautar dabbobi ta ƙarshe da aka rubuta labarinta a shekara ta 523 aka yi ta.

A ciki, abin da na fi so jagora ya ɓata lokaci a kai shi ne tsarin zama, domin duk matakan al'ummar Rum suna nan a jere. 'Yan majalisar dattawa a ƙasa daf da fage a kan farin dutse, wasu ma har da sunayensu a sassaƙe, masu hali a bayansu, talakawa a sama, mata da bayi can ƙololuwa a kan katako. A saman bango akwai matokaran dutse da suka riƙe sanduna 240, waɗanda ake ɗaura wata makekiyar rumfar yadi a kai saboda rana. Sojojin ruwa aka ɗauko daga sansanin Misenum kusa da Napoli suke jan igiyoyinta, tunda su suka saba da filafilan jirgi. Fagen kuwa daɓen katako ne da aka zuba wa yashi don ya shanye jini. A ƙarƙashinsa akwai lunguna hawa biyu, duhu da wari da fitilun mai, inda bayi ke murɗa turaku suna ɗaga keji, wata ƙofa ta buɗe a daɓen, damisa ta faɗo tsakiyar fili kamar daga ƙasa ta tsiro. An sake ƙera irin wannan maɗagi guda ɗaya a 2015 don a ga yadda yake aiki. Yawancin zakuna da damisoshi da jiminun daga Arewacin Afirka ake kamo su. Da safe farauta, da tsakar rana kisan waɗanda aka yanke wa hukunci, da yamma karawar mayaƙa. Wuri ne da aka zubar da jini mai yawa don nishaɗi, kuma ba na jin daɗin jagoran da ke ba da labarin yana wasa da dariya.

Ga hanyar gane ko jagoranku masani ne ko ɗan baki. Ku tambaye shi ko duk karawa sai an kashe ɗaya. In ya ce e, ya sha fim ne kawai. Mayaƙan nan dukiya ne a hannun masu su, an ciyar da su an horar da su a makarantar Ludus Magnus da kangonta ke tsallaken titi, akwai alƙalin wasa mai sanda a fage, kuma sau da yawa wanda aka kayar yakan fita da ransa. Ku tambaye shi batun cika fagen da ruwa a yi yaƙin jiragen ruwa. Mai gaskiya zai ce marubutan da sun ambaci haka a bikin buɗewa, masana na jayayya a kai, kuma bayan an gina ɗakunan ƙasa abin ba zai yiwu ba. Haka ma zancen juya babban yatsa ƙasa alamar a kashe, masana na jayayya a kai. Jagora na halal a Italiya yana da lasisi da katin shaida da yake ratayawa a wuya. Masu tare mutane a bakin tashar jirgin ƙasa suna cewa akwai rukunin da zai shiga yanzu-yanzu, ku ba su hanya, haka ma masu shigar sojan Rum da ke kiran a zo a yi hoto, don bayan an ɗauka ne ake jin farashi.

Akwai kuma batun harshe, wanda a ganina shi kaɗai ya isa dalili. A rukunin mutum ashirin da biyar kowa da na'urar sauraro a kunne, jagora na tafe yana zuba Turanci da karin Italiyanci, ba mai jiran yaronku ya juya muku magana zuwa Hausa. Naku na kanku zai faɗi jimla biyu ya dakata. Idan Alhaji ya fi sakewa da Larabci, ana samun masu lasisi da ke jin sa, sai a nema tun da wuri.

Sai gwiwar Alhaji. Ni dai da zan zaɓa muku, tikitin da ke da fage zan ɗauka, in bar na ƙarƙashin ƙasa. Daga kan fagen ana leƙa lungunan ƙasan tar, ba hawa ba sauka, kuma an fi samun sarari a can. Matakalan cikin ginin dogaye ne masu tsayin taku, amma akwai lif zuwa hawa na biyu domin masu larura, jagora ya san inda yake da wanda zai yi wa magana. Inda wahalar take shi ne Forum da Palatino: hanyar manyan baƙaƙen duwatsu ce marasa daidaito da suka sha taku har suka yi santsi, inuwa kaɗan, ga hawan tudu. Kada ku yarda a haɗa muku duka ukun a awa uku a jere. Tikitin euro 24 kwana biyu yake aiki, sai ku yi Kolosiyam da jagora a nitse, washegari in jiki ya yarda ku shiga Forum da sanyin safiya, Alhaji kuma in ya ga dama ya hango shi daga saman tudun Campidoglio ba tare da ya sauka ba. Ku gaya wa kamfanin larurar tun kafin biya, a rubuce.

Ku nemi shigar farko, ƙarfe 8:30 na safe. Zafin Rum a Yuli ba ya kai na Sakkwato, amma dutse da bulo suna riƙe shi suna maido wa mutum, ga tsayuwa. Ku guji Lahadin farko ta wata, ranar da ake shiga kyauta, don ranar ce ta turereniyar da Alhaji ba ya so. Lokacin da aka rubuta a tikiti ba a ɗaga ƙafa a kansa, ku isa da rabin awa a hannu. Takalmi mai taushi mara tsini, Hajiya, da lema ƙarama. Ba a shiga da babbar jaka ko kwalbar gilashi, babu kuma wurin ajiya, amma gorar roba ta wadatar, domin birnin cike yake da famfunan titi masu zubar da ruwan sha mai sanyi kyauta. A cikin jirgin ƙasa da bakin tashar Colosseo a riƙe jaka ta gaba, 'yan sane sun san baƙo.

In kun shiga da safe za ku fito kafin azahar, wadda a Rum a watan Yuli sai bayan ƙarfe ɗaya take yi. Tasha biyu ce daga Colosseo, tashar da ke bakin Kolosiyam, zuwa babbar tashar Termini a layin B na jirgin ƙasa, kuma unguwar Esquilino da ke gefenta tana da gidajen abincin halal da ƙananan masallatai. Babban Masallacin Rum, wanda aka buɗe a 1995, yana can arewacin birni, sai da abin hawa. In ranar ta faɗo Juma'a, ku ce wa jagoran ya sallame ku da ƙarfe sha ɗaya da rabi.