Da na kunna kyamara sai bakina ya mutu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da turaren wuta da humra a Kano. A shago nakan yi awa guda ina yi wa mai saye bayani, amma da na jingina waya zan ɗauki bidiyon talla, sai gabana ya faɗi, muryata ta kama rawa, in manta abin da zan ce. In na saurara kuma sai in ji kamar ba muryata ba. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Wadda ta iya ciniki baki da baki ta iya magana. Abin da ya ɓace miki fuskar mai saurare ce. A shago mutum yana gyaɗa kai, yana shinshina kwalba, yana cewa "nawa ne na gaskiya?", wannan ke ba ki ƙarfin gwiwa. Kyamara kuwa ido ne kawai, ba ta amsawa. Ga kuma tarbiyyarmu: tun muna yara aka koya mana sunkuyar da kai, kafe mutum da ido rashin kunya ne. To yanzu an ce ki zuba wa wani ɗan baƙin ɗigo ido, dole jiki ya ƙi.

Saboda haka ki samar wa kanki mai saurare. Ki sa ƙanwarki ta zauna bayan wayar, kanta dab da kyamarar, ki yi mata bayanin turaren kamar ta zo saye. In babu kowa, ki manna ƙaramin hoton aminiyarki kusa da ramin kyamarar. Kada ki kalli fuskarki a allo, nan ne hankali ke rabuwa, ki koma gyaran mayafi. Ni na fi son a yi amfani da kyamarar baya ma gaba ɗaya.

Batun murya kuwa, lafiyarta ƙalau. Idan kina magana, sautin yana isa kunnenki ta iska da kuma ta ƙasusuwan kai, waɗanda ke ƙara masa kauri. Waya ta iska kaɗai take ɗauka, shi ya sa kike jin ta siririya. Wannan muryar ce masu sayen kayanki suka saba ji, kuma da ita suke dawowa.

Kada ki haddace rubutu, da kin manta kalma ɗaya sauran sun zube. Ki riƙe abu 3 a ka: sunan turaren, abin da aka haɗa shi da shi, da farashi. Kasko na hannunki, hayaƙi na tashi, hannuwa sun sami aikin yi ke nan.

Ki fuskanci taga da hantsi, wayar daidai idonki, ki kashe fanka. Kafin ki danna, ja numfashi a hankali sau 3. Ki ɗauki na minti 1 kullum har kwana 10 ba tare da kin tura wa kowa ba, kuma kada ki goge ko ɗaya. Ran na 10 ki kalli na farko da na ƙarshe a jere, sannan ki ɗora wanda ya fi a WhatsApp.