Amsa ga ɗalibar da ke tambaya kan haɗewar ƙwayoyin gado

Ƙanwata, kin tambaya ko ganin ƙwayoyin gado biyu sun haɗe sun zama ɗaya a wata halitta ya isa hujja ki rubuta a kundin digirinki cewa furotin ɗinsu suna manne da juna a halittar da kike nazari. Bai isa ba. Sai dai hanyar tana da amfani ƙwarai, na daɗe ina aiki da ita tare da ɗalibai a nan Yamai.

A 1999 Marcotte da abokan aikinsa suka fito da ita a mujallar Science, Enright da nasa abokan kuma a Nature. Ana kiranta Rosetta Stone. Tunanin shi ne, in furotin biyu da ke rabe a wata halitta sun bayyana cikin sarƙa ɗaya a wata, da wuya a ce babu abin da ya haɗa su. Dubi furotin TrpA da TrpB a ƙwayar bakteriya E. coli: rabe suke, amma a yis (mai sa burodi tashi) sun zama furotin ɗaya, TRP5. Waɗannan kam sun tabbata suna manne, har da ɗan rami a cikinsu da sinadarin indol ke bi daga ɗaya zuwa ɗayan. Furotin GyrA da GyrB na E. coli ma haka, a yis sun zama furotin ɗaya, topoisomerase II.

Misalin da na fi ba ɗalibai na gida ne. A ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, Plasmodium falciparum, DHFR da TS, masu aiki da sinadarin folat, furotin ɗaya ne, a jikin mutum kuwa kowane da ƙwayar gadonsa. DHFR ɗin nan shi maganin pirimetamin ke toshewa, maganin sulfadoksin kuma yana kama furotin DHPS, wanda shi ma a haɗe yake da wani furotin, PPPK. Wato maganin rigakafin da ake rarraba wa yaranmu kowace damana a kan furotin masu haɗewa yake aiki. Abin da haɗewar ta nuna miki shi ne aikinsu na da alaƙa, wani na miƙa wa wani a hanyar folat. Ko suna taɓa juna a halittar da suke rabe, wannan tambaya ce daban, gwajin labo ne ke amsa ta.

Inda na ga ɗalibai suna faɗawa shi ne sassan furotin masu shiga ko'ina, irin su SH3, kinas da masu kama ATP. Kamar ɗan kabu-kabu suke, duk wanda ya tsayar da shi zai ɗauka, fasinjojinsa ba dangi ba ne. Marcotte ya samu hasashen alaƙar furotin 6,809 a E. coli da 45,502 a yis, kuma shi da kansa sai da ya tace irin waɗannan sassan. Ki zuba jerin furotin ɗinki a InterPro, shafin intanet mai nuna sassan furotin, duk sashen da kika gani haɗe da abokai barkatai ki cire shi.

Bayan haka ki yi amfani da BLAST, manhajar kwatanta jerin furotin, ki tabbatar cewa furotin biyun sun dace da wurare daban-daban a jikin haɗaɗɗen, ba wuri guda suka hau ba. Ki kuma nemi haɗewar a halittu fiye da ɗaya, don wani lokaci kuskuren harhaɗa jerin DNA ne ya liƙa su. A STRING, shafin intanet na alaƙar furotin, ki kunna hujjar haɗewa ita kaɗai tukuna, sannan ki duba ko maƙwabtakar ƙwayoyin gadon ta mara mata baya. In intanet na yanke miki, sauke BLAST a kwamfutarki, yana aiki ba tare da layi ba.

A kundin ki rubuta "ana hasashen alaƙar aiki". Turo min sunayen furotin biyun da halittar, mu duba tare.