Me ya sa Jamusawa ke cewa Kino, Sifaniyawa kuma película?

Malam, ka tambaya ko sunayen fim a harsunan Turai tushensu ɗaya ne. A'a, rassa ne daban-daban.

Kalmar film da muka ara muka ce fim, a tsohon Turanci tana nufin siririyar fata. Tun da a kan siririn zare mai sheƙi ake ɗaukar hoton, sai sunan ya bi shi. Sifaniyawa ma haka suka gani: película daga Latin take, ma'anarta 'yar fata. Wannan dacewar tana burge ni ƙwarai.

Silima kuwa daga Girkanci ne, kinema, wato motsi. 'Yan'uwan Lumière sun kira na'urarsu cinématographe, suka nuna fim ga jama'a a Paris a 1895. Faransawa suka gajarta zuwa cinéma, Jamusawa da Rashawa suka ce Kino, wato silima.

A Suwidin bio suke ce wa gidan silima, a Holan bioscoop, daga kalmar Girkanci bios, wato rayuwa.

Mu ma muna da majigi, daga magic lantern ta Turawa, wadda ake haskawa a farin ƙyalle a dandali da daddare.