Furen Turai a zafin Damagaram: amsoshin wasiƙunku

Wasiƙar farko daga wata ƙanwata ce a unguwar Birni. Yayarta ta yi karatu a Faransa, can ta saba da furen da suke kira pois de senteur, Ingilishi kuma su ce sweet pea. Bikinta watan Afrilu ne, ƙanwar tana son a ƙawata ɗakin amarya da shi. Ta samu wani mai talla a WhatsApp da ya turo mata hoton furen, ya ce zai aiko da shi ɗanye shar daga Yamai, jaka 40, amma a biya duka kafin ya ɗora a mota. Ta ce kwana uku ke nan ba ta yi barcin kirki ba, don kuɗin adashenta ne.

Ƙanwata, Allah ya bar zumunci, niyyarki ta taɓa ni. Amma ki riƙe kuɗinki.

Furen nan ɗan sanyi ne. Asalinsa tsibirin Sisili ne a kudancin Italiya, daga can wani malamin coci, Francesco Cupani, ya aika da irinsa Ingila a 1699. Ko a Turai, in an yanko shi an saka a ruwa, kwana uku zuwa biyar yake yi ya zube. Tsakanin Yamai da Damagaram kusan kilomita 900 ne, wuni guda cur a mota, a watan da zafinmu ke haura digiri 40. Salati da aka tsinko da safe kin san yadda yake komawa kafin azahar a Kasuwar Dole. To furen nan ya fi salati laushi nesa ba kusa ba.

Nan ne raina yake ɓaci. Hoton da ya turo miki, na rantse ba a gonarsa aka ɗauka ba, a intanet ya kwaso. Mu kuwa da mun ga hoto mai kyau sai hankali ya tashi, mu ruga mu tura kuɗi ga wanda ba mu san ƙofar gidansa ba. Matar da za ta yi rabin awa tana ciniki a kan tiyar gero, ita ce za ta tura jaka 40 ba ko tambaya. Bara a wani biki a Sabon Gari a gabana aka buɗe kwalin da aka yi sati ana jira. Furen roba ne, ƙura maƙale a tsakanin ganyen, an fesa masa turare mai hawa kai. Uwar amarya ta kira lambar, waya a kashe. Har yau a kashe take. Abin da ya fi ciwo, babu wadda ta yarda ta faɗa wa maƙwabta don kunya, shi ya sa gobe ma za a sake cin wata.

Gani ya kori ji. Ki ce ya kira ki ta bidiyo, ya nuna furen a hannunsa, ya juya shi. Na gaske yana da fata siririya kamar fiffiken malam-buɗe-littafi, jikinsa da ƴan zare masu nannaɗewa irin na yaɗon kabewa. Ki tambaye shi yaushe aka yanko, a cikin me za a sanyaya shi a hanya, wa zai biya in ya iso a yamushe. Kada ki biya duka sai kaya ya shigo hannunki. In ya fara kame-kame, kin samu amsarki.

In ƙamshi kike nema, ki je wurin masu lambu ki ce a yanko miki furen lalle da asubar ranar biki. Ƙamshinsa na cika ɗaki. In kuma ado ne, ki sayi na roba da idonki, a kuɗin roba.

Wani daga Zango ya tambaya ko ƴaƴan furen nan ana dafa su kamar wake, tunda sunansa da "pois", wato wani nau'in wake da Faransanci. Malam, ba a ci. Irinsa na da guba mai lahanta ƙashi da jijiya in aka yawaita ci. Waken da ke kasuwa bai ishe ka ba?

Wani dattijo mai lambu a Mirya yana son gwada shuka shi. Baba, ka gwada, amma da fangali ɗaya tukuna. Ka jiƙa irin ya kwana, ka shuka a Nuwamba da sanyi ya fara shiga, a gefen da inuwar yamma ke sauka, ka kafa masa kara don hawa yake yi. Da ya fara fure ka riƙa tsinkewa, in ka bar shi ya yi kwanso zai daina. Kada ka ajiye wanda ka yanko kusa da ayaba ko tumatir masu nuna, iskar da suke fitarwa tana zubar da shi. Kuma kada ka karɓi kuɗin kowa na bikin bazara, don da zafi ya kama zai ƙone.