Tambaya da Amsa: Amfilifayar Jitata Tana Yaga Sauti, Ko Lasifikar Ce Ta Mutu?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ina kaɗa jitar bas, wato jita mai sautin ƙasa, a wata 'yar ƙungiyar makaɗa da ke zuwa bukukuwa a nan Kaduna. Watanni huɗu da suka wuce na sayi ƙaramar amfilifaya (akwatin ƙara sauti) ta hannu, mai ƙarfin wat 20 da lasifika mai faɗin inci 8. A da idan ina ɗaki ni kaɗai sautinta ba laifi, amma da zarar na kai ta wurin atisaye, mai ganga ya soma bugu na ƙara murya, sai tsirkiyar nan mafi kauri ta riƙa fitar da ƙara kamar ana yaga tsumma. Kwanan nan kuma har a ɗaki nakan ji alamar hakan. Jitar tawa irin mai batir ce. Na kai wa wani mai gyaran rediyo, bai ko kunna ta ba ya ce lasifikar ce ta fashe, in kawo kuɗi a sa sabuwa. Shi ne nake neman shawararku kafin in kashe kuɗin.

Daga wani mai karatu a Kaduna

AMSA

Wa alaikumus salam. Mai gyaran yana iya yin gaskiya, amma hukuncin da aka yanke ba tare da an kunna na'urar ba canki-canka ne, domin sauti yana bi ta wurare da dama kafin ya isa lasifika, kuma kowannensu yana iya ɓata shi. A wasiƙarka na ga matsala biyu, ta wurin atisaye da wadda ta biyo ka har ɗaki daga baya, kuma ba lallai ne asalinsu ya zama ɗaya ba.

Ta wurin atisaye, a ganina, ba lalacewa ba ce. Tsirkiyar da kake kuka da ita, idan an sake ta ba a danna ba, tana kaɗawa sau 41 ne a daƙiƙa a jitar bas mai tsirkiya huɗu, wato rabin abin da tsirkiya mafi kauri ta jita ta yau da kullum ke yi, wadda ke kaɗawa sau 82. Duk lokacin da sauti ya sauka zuwa rabi irin haka, sai takardar lasifika, wato faifan da ke motsi ya fitar da sauti, ta yi tafiya gaba da baya ninki huɗu kafin ta ba da ƙarfin murya iri ɗaya. Takarda mai inci 8 tana da iyakar inda za ta kai, ita ma amfilifayar tana da iyakar wutar da za ta iya turawa, kuma idan aka nemi abin da ya wuce wannan iyaka sai ta datse kan sautin, datsewar nan kuwa ita ce kunne ke ji kamar yagewar tsumma. Maɓallin da aka rubuta Bass a kansa shi ne ya fi saurin jawo wannan, domin ƙarin desibel 6 kaɗai (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne) yana bukatar ninki huɗu na ƙarfin wuta. Lissafin ma bai yi wa masu ƙananan na'urori daɗi ba: kafin kunne ya ji murya ta ninka sau biyu, sai an ninka wat ɗin kusan sau goma. Saboda haka wat 20 ba za ta ja da ganguna ba ko da sabuwa ce fil daga kwali, kuma babu lasifikar da za a saka mata ta sauya wannan. Masu kaɗa bas tare da ganguna sukan nemi wat 100 zuwa sama, da lasifika mai inci 12 ko 15.

Wadda ta fi damuna ita ce ta ɗaki, tunda a da babu ita. Ka fara da batirin jitar. Irin jitarka tana da 'yar na'urar ƙara sauti a cikinta da ke aiki da batir mai volt 9, kuma idan batirin ya yi sanyi, alamarsa ta farko ita ce sautin ya riƙa karcewa a inda aka ja tsirkiya da ƙarfi, musamman masu kaurin. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne fulogin wayar da ake sokawa a jikin jitar shi ne makunnin wannan na'ura, don haka wanda ya saba jingine jitarsa da waya a jiki har gari ya waye yana shanye batirinsa ne ba tare da ya kaɗa komai ba. Ka sa sabon batir mai kyau ka saurara. Idan ƙarar ta tafi, to magana ta ƙare a kuɗin batir.

Idan ba ta tafi ba, ka tuna cewa jita mai batir tana turo sauti mai ƙarfi fiye da marar batir, har ya kan cika mashigar ƙaramar amfilifaya tun kafin ya je ko'ina. Idan amfilifayarka tana da rami ko maɓalli mai rubutun Active, wanda aka yi don jita mai batir, shi ne naka. Idan tana da Gain (maɓallin ƙarfin sautin da ke shigowa daga jita) daban da Volume ko Master, ka sauke Gain ƙasa sosai ka ɗaga ɗayan. Idan kuwa maɓallin murya ɗaya ne tak, sai ka rage muryar daga jikin jitar zuwa rabi, ka mayar da maɓallan gyaran sauti tsakiya. Daga nan ka ari wata waya ka gwada, sannan ka cire wayar gaba ɗaya ka kaɗa jitar haka nan cikin shiru, kunnenka kusa da wuyanta, domin tsirkiyar da ta kwanta da yawa takan riƙa dukan ƙarafan wuyan, amfilifaya kuma ba ta da laifi don ta ƙara wa wannan murya.

Gwajin da zai raba gardama tsakaninka da mai gyara shi ne na hedifon. Yawancin ƙananan amfilifayoyi suna da raminsa, kuma soka shi yana kashe lasifikar. Idan ka ji ƙarar a hedifon ma, lasifikar ta fita daga zargi, sai a koma kan jita ko waya ko kayan ciki. Idan a hedifon sautin ya fito tas amma a lasifika yana karcewa, zargi ya koma kan akwatin da abin da ke cikinsa. Tun kana wurin, ka soka fulogin ka zare kamar sau goma a jere. A cikin ramin akwai wani ɗan ƙarfe da ke haɗa hanyar lasifika idan an zare fulogi, kuma ƙurar hunturu ko tsatsa idan ta hau shi sai sauti ya riƙa wucewa da ƙyar yana ƙarce-ƙarce. Sokawa da zarewa kan goge shi.

Ko da zargi ya koma kan akwatin, kada ka yi gaggawar binne lasifikar. Ka sa wani ya riƙa kaɗa tsirkiyar, kai kuma ka bi jikin akwatin kana danna tafin hannu a kan ragar gaba, da mariƙin sama, da allon baya, da ƙarafan kusurwa. Inda ka danna ƙarar ta ɗauke, nan ne sukuru ya kwance. Na taɓa buɗe wata irin taka da mai ita ya riga ya saya mata sabuwar lasifika, na tarar ɗaya daga cikin wayoyi biyun da ke shiga lasifikar ce ta lanƙwaso ta jingina da bayan takardar, duk lokacin da takardar ta motsa sai ta daki wayar. Da yatsa ɗaya na ture ta gefe, na ɗaure da zare, sabuwar lasifikar kuma tana nan a kwalinta.

Ita kanta lasifikar gwajinta ba wuya. Ka zare na'urar daga wuta, ka cire ragar, ka haska tocila a gefen takardar ko akwai yagewa ko inda gam ya saki. Sannan ka baza yatsunka kewaye da tsakiyarta ka tura a hankali, daidai wa daida ta kowane ɓangare. Mai lafiya takan shiga ta dawo shiru. Idan ka ji tana gurzawa kamar akwai yashi a ciki, kwayil ɗin ne, wato naɗin siririyar wayar da ke motsa takardar, ya yi zafi ya karkace yana gogar maganaɗisu, kuma a nan maganar mai gyaranka ta tabbata. Wannan ba zai ba ni mamaki ba, domin wata huɗu ana tilasta mata ta yi gasa da ganguna ya isa ya gasa kwayil, ka ga matsalar farko ce ta haifi ta biyu. Idan za a sauya, a duba rubutun da ke bayan tsohuwar a sayi mai om (ma'aunin juriyar lasifika ga wuta) iri ɗaya, 4 ko 8, wadda aka yi don bas. Sanya mai om 4 a gurbin mai om 8 yana sa amfilifayar ta ja wutar da ta fi ƙarfinta ta yi zafi. Kada ka tsorata idan mita ta nuna wajen 6 a kan mai om 8, haka lafiyayya take nunawa.

Akwai kuma batun wutarmu. An tsara ta ne a kan volt 230, amma kowa ya san yadda takan zo da rauni da yamma, ga ƙaramin janareta da aka ɗora wa kaya fiye da kima. Amfilifaya mai taransifoma a ciki ƙarfinta yana raguwa ne tare da wutar da ta samu, sai ta soma datse sauti tun muryar ba ta kai inda ta saba ba. Ka lura ko ƙarar tana zuwa ne lokacin da kwan ɗaki ya dushe ko fanka ta rage gudu; idan haka ne, sitabilaiza kake bukata. Idan kuma duk waɗannan sun wuce lafiya, amma kana jin gunji ko ba a kaɗa komai, ko ƙarar tana zuwa tana tafiya idan ka bubbugi akwatin, to kafasita ce, wato abin da ke tara wuta a cikin na'urar, ta tsufa ko dalma ta tsage a kan allon ciki. Wannan aikin mai gyara ne, kada ka sa hannu, domin manyan kafasitoci suna riƙe wuta bayan an zare fulogi. Ka je da jitarka, ka sa ya kunna a gabanka, ka nuna masa abin da ka riga ka gwada.

Game da atisaye, kafin Allah ya hore maka babbar amfilifaya, ka duba ko taka tana da ramin Line Out, mai fitar da sauti zuwa wata na'ura, ka tura sautin zuwa manyan lasifikokin ƙungiyar. Ita kuma ƙaramar ka ɗora ta a kan kujera tana fuskantar kunnenka, ka rage Bass ka ɗan ɗaga Mid, domin sautin tsakiya ne ke ratsa ƙarar ganguna har ka ji abin da kake kaɗawa, kuma shi ba ya cin wuta kamar na ƙasa.