Me ya sa darasin tarihi ya zama abin faɗa a makarantun Amurka?

Tambaya: Malam, ina yawan jin iyaye a Amurka na tayar da jijiyar wuya kan yadda ake koyar da tarihin bauta da wariyar launin fata. Shin rigimar na da alaƙa da masu aƙidar fifikon farar fata? Kuma me ke jan matasa zuwa gare su?

Amsa: Akwai alaƙa, amma kada mu yi musu kuɗin goro. Ba duk uban da ya je taron hukumar makaranta yana ƙorafi ne ɗan ƙungiyar fifikon farar fata ta Ku Klux Klan ba. Da yawansu tsoro suke kada a sa ɗansu ya ji shi mai laifi ne kan abin da aka yi tun ba a haifi kakansa ba.

Rigimar kuwa tsohuwa ce. Lokacin da yaƙin basasa ya ɓarke a 1861, akwai bayi kusan miliyan 4 a ƙasar, kuma jihohin Kudu ba su ɓoye dalilin ɓallewarsu ba. Mississippi ta rubuta ƙarara a takardar ficewarta cewa matsayinta a ɗaure yake da bauta. Da aka ci su da yaƙi a 1865, sai labari ya sha bamban: wai 'yancin jihohi suka kare, wai bayi na zaune lafiya da iyayengijinsu. Wata ƙungiyar mata zuriyar sojojin Kudu, da aka kafa a 1894, ta duƙufa wajen kafa mutum-mutumin janarori da tace littattafan makaranta. Haka yara suka tashi shekara da shekaru. Kisan gillar Tulsa na 1921, inda aka ƙone unguwar baƙaƙen fata ta Greenwood ƙurmus, ya daɗe ba a ambatonsa a azuzuwan Oklahoma ita kanta, jihar da Tulsa take. Ko a 2015, wani littafin labarin ƙasa da ake karantawa a Texas ya kira mutanen da aka kwaso daga Afirka a cikin sarƙa "ma'aikata", sai da uwar wani ɗalibi ta fallasa abin kamfanin ya ba da haƙuri.

A nan ne amsar tambayarka ta biyu take. Yaron da bai taɓa jin yadda aka hana baƙaƙe ƙuri'a da bashin gida da makaranta mai kyau ba, idan ya ga unguwarsu a talauce, me zai ɗauka? Sai ya ce halinsu ne. To a kan wannan gurbi masu aƙidar ke gini. Ba da ƙiyayya suke fara masa ba. Sukan samu matashi cikin kaɗaici a intanet, su yi ta barkwanci da shi, su ce kai ne aka zalunta, ana shirin maye gurbinka da baƙi. Wannan zance na "maye gurbi", wanda marubucin Faransa Renaud Camus ya yayata, shi ne abin da ɗan shekara 18 da ya harbe baƙaƙen fata 10 a wani kanti a Buffalo a 2022 ya kafa hujja da shi. A Charlottesville ma a 2017, shirin cire mutum-mutumin Janar Robert E. Lee, babban kwamandan sojojin Kudu, ne ya tara su, suna riƙe da wuta cikin dare, washegari ɗayansu ya kutsa mota cikin masu adawa da su ya kashe Heather Heyer.

Wutar ta sake ruruwa bayan jaridar New York Times ta fito da shirinta na 1619 (shekarar da aka fara kawo bayi daga Afirka zuwa Virginia) a shekarar 2019, ta ɗora bauta a tsakiyar tarihin ƙasar, sannan wani ɗan sanda farar fata ya kashe baƙar fata George Floyd a 2020. Gaskiya wasu manyan masana tarihi sun soki wani ɓangare na shirin, musamman da'awar cewa kare bauta na cikin manyan dalilan da suka sa Amurkawa yi wa Ingila tawaye don neman 'yancin kai, kuma a ganina sukar na da tushe. Sai dai 'yan siyasa sun wuce gona da iri. Suka ɗauko CRT, wani nazari kan yadda wariyar launin fata ta shiga cikin dokoki da malaman shari'a irin su Derrick Bell suka gina a jami'a, suka liƙa sunan ga duk darasin da bai yi musu daɗi ba. Da yake jihohi da gundumomi ke tsara manhaja, ba gwamnatin tarayya ba, kowace jiha ta kama gabanta. Florida ta kafa dokar taƙaita yadda ake koyar da batun launin fata a 2022, a 2023 kuma manhajarta ta ce bayi sun koyi sana'o'in da a wasu lokuta suka amfane su.

Illar irin waɗannan dokoki ita ce kalmominsu a dunƙule suke, malami bai san inda iyaka take ba, sai ya tsallake babin don gudun rasa aikinsa. Ruby Bridges, yarinya 'yar shekara 6 da jami'an tsaro suka raka makarantar fararen fata a New Orleans a 1960, tana nan da ranta. A 2021 wasu iyaye a Tennessee suka shigar da ƙorafi kan littafin yara da ke ba da labarinta.